Kenji Eno: Mai tsara wasannin tsoro da ya buɗe wa makafi ƙofar wasan bidiyo

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da daddare a Ruwan Bore ko Tsafe yana sauraron tatsuniyar Dodo daga bakin kaka, ya san tsoro ta kunne ya fi shiga. Babu yaron da ya taɓa ganin Dodon, amma muryar tsohuwa da shirun da ke biyo baya sun isa su hana shi leƙa zaure. A kan irin wannan fahimta wani ɗan Japan mai suna Kenji Eno ya gina sana'arsa ta tsara wasannin bidiyo na ban tsoro.

An haifi Eno ranar 5 ga Mayu, 1970 a birnin Tokiyo. Bai kammala sakandare ba ya bar karatu, ya shiga aiki a wani ƙaramin kamfanin wasanni. A 1989, yana ɗan shekara 19, ya kafa kamfaninsa na farko, EIM, wanda ke yi wa manyan kamfanoni aikin kwangila. Aikin bin umarnin wasu ya gundure shi, ya rufe kamfanin, sannan a 1994 ya kafa WARP.

Sunansa ya fito a 1995 da wasan D, kusan shekara guda kafin fitowar Resident Evil na kamfanin Capcom. Labarin wata budurwa ce, Laura, da ta shiga wani asibiti a Amurka neman mahaifinta, likitan da ya kashe mutane ya kulle kansa a ciki. Sa'o'i biyu cif ake bai wa mai wasa, babu damar dakatawa ko ajiye inda aka tsaya. Wasan na ɗauke da hotunan cin naman mutum, kuma Eno ya san masu tantancewa za su iya hana shi fita. Kamar yadda ya bayyana da kansa daga baya, sai ya miƙa musu faifan da aka cire waɗannan hotuna, ya kuma yi jinkiri da gangan don a tilasta masa kai faifan masana'anta a Amurka da hannunsa. A cikin jirgi ya musanya shi da na asali. Yaudara ce ƙarara, kuma da ita wasan ya isa kasuwa.

Rigimarsa mafi girma da kamfanin Sony ce. A cewarsa, an nemi kwafi 100,000 na D don na'urar PlayStation, amma Sony ya buga 28,000 kacal. A 1996, a taron baje koli na PlayStation, Eno ya hau dandamali don gabatar da sabon wasansa, Enemy Zero. A gaban 'yan jarida tambarin PlayStation da ke kan majigi ya rikiɗe ya zama na Sega Saturn, na'urar babban abokin hamayyar Sony. Ya huce haushi, amma ya biya da tsada, domin PlayStation ce ta mamaye kasuwar duniya, wasanninsa kuwa suka maƙale a na'urorin da suka sha kaye.

A Enemy Zero dodannin da ke farautar mai wasa a cikin jirgin sama jannati ba sa ganuwa. Wani sauti ne kawai ke nuna ko suna gaba, ko baya, ko gefe, kuma yana ƙara sauri idan sun matso. Mawaƙin Birtaniya Michael Nyman ne ya tsara kiɗan. Cikin ma'aikatan da suka yi zanen akwai Fumito Ueda, wanda daga baya ya shahara da wasan Ico a 2001.

Dogaro da kunne ya kai Eno inda takwarorinsa ba su je ba. Ya gano akwai makafi da ke ƙoƙarin buga wasanninsa, ya gana da wasunsu. A 1997 ya fitar da Real Sound, labarin soyayya da babu hoto a cikinsa, sai muryoyi da kiɗa, ta yadda makaho da mai gani za su yi daidai. Da Sega ya nemi wasan ya zama na na'urarsa kaɗai, sai Eno ya gindaya sharaɗin a raba wa makafi na'urorin Saturn 1,000 kyauta, shi kuma ya haɗa da kwafi 1,000 na wasan.

Bayan D2, wanda ya fito a 1999 a na'urar Dreamcast, Eno ya janye daga harkar, ya koma ayyukan intanet, wayar salula da kiɗa. Ya dawo a 2009 da wani ƙaramin wasa a na'urar Wii. Ya mutu ranar 20 ga Fabrairu, 2013 sakamakon ciwon zuciya mai nasaba da hawan jini, yana da shekara 42.

A shagunan wasa na Gusau, inda matasa ke cika suna buga ƙwallo a PlayStation, da wuya a samu wanda ya san sunansa. Makahon yaron da ke wucewa ta ƙofar shagon kuwa, shi ne irin mutumin da Eno ya yi wa tanadi tun 1997.