Lee Sang-baek: Ɗan Koriya da ya raini ƙwallon kwando a Japan

Duk shekara ɗaliban jami'o'in Koriya ta Kudu da na Japan sukan kara a wata gasar ƙwallon kwando da ake kira Kofin Lee Sang-baek. Ba kasafai ƙasashen nan biyu suke yarda su girmama mutum ɗaya ba, domin har yau tabon mulkin mallakar da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945 bai gama warkewa ba. Lee na cikin 'yan ƙalilan da suka sami wannan matsayi.

An haife shi a birnin Daegu a 1904, a gidan da aka sani da kishin ƙasa. Wansa Yi Sang-jeong ya tafi ƙasar Sin ya shiga sahun masu yaƙar Japan har ya kai muƙamin janar, ɗaya wan nasa kuwa, Yi Sang-hwa, mawaƙi ne da ya shahara da waƙoƙin makokin ƙasar da aka ƙwace. Shi Lee Sang-baek sai ya bi wata hanya dabam. Ya tafi Tokyo ya shiga Jami'ar Waseda, kuma da yake dogo ne, nan da nan ya zama jigo a ƙungiyar ƙwallon kwandon jami'ar, a lokacin da wasan yake sabo a yankin.

Abin da ya yi bayan ya bar fili shi ya fi tasiri. A 1930 yana cikin waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon kwando ta Japan, ya kuma wallafa littafi kan dabarun koyar da wasan. Ya riƙe manyan muƙamai a hukumar wasannin ƙasar, abin da da wuya ɗan Koriya ya samu a wancan zamani, ya kuma shiga cikin masu fafutukar ganin an sa ƙwallon kwando a gasar Olamfik. Haƙarsu ta cim ma ruwa a Berlin a 1936, ko da yake a filin ƙasa aka buga wasan ƙarshe cikin ruwan sama, Amurka ta doke Kanada da ci 19 da 8.

Wannan gasa ta Berlin ta nuna irin tsaka-mai-wuyar da yake ciki. Yana cikin shugabannin ayarin Japan, ayarin da 'yan Koriya uku suka buga wa ƙwallon kwando, kuma a nan ne Sohn Kee-chung ya lashe gudun yada-ƙanin-wani, aka ɗaga tutar Japan, aka kira shi da sunan Japananci. Mai sukar Lee zai ce ya yi wa mai mulkin mallaka hidima alhali 'yan'uwansa na jini suna ɗanɗana kuɗarsu. Wannan magana tana da nauyi, sai dai kuma ƙofar da ya buɗe ita ce matasan ƙasarsa suka bi suka isa fagen duniya.

Da Koriya ta kuɓuta a 1945, sanayyar da ya ƙulla da jami'an Olamfik ta yi rana. An amince da kwamitin Olamfik na Koriya a 1947, kuma a Landan a 1948 'yan wasanta suka fito da tutarsu, ƙungiyar ƙwallon kwandonsu ta zo ta takwas.

Malami ne kuma. Ya koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ƙasa ta Seoul, ya zama shugaban farko na ƙungiyar masana wannan fanni a 1957, ya yi bincike kan kafuwar daular Joseon. A 1964 ya shugabanci kwamitin Olamfik na ƙasarsa, aka kuma zaɓe shi wakili a kwamitin duniya. Bai daɗe a kujerar ba, ya rasu a Seoul a watan Afrilun 1966. Bayan shekara goma sha biyu aka fara gasar da ke ɗauke da sunansa.