Janar Seyni Kunce, sojan da yunwa ta kawo kan mulki

Ya kai mai karatu, in ka tambayi dattawan garinku, ko a Madawa kake, ko Buza, ko Keita, wace shekara ce ta fi tsanani a rayuwarsu, da yawa za su ambaci 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari. Waɗanda suka fi su shekaru za su ƙara da 1973. Tsakanin waɗannan yunwa biyu ne mulkin Janar Seyni Kunce ya gudana. Ta farko ita ta buɗe masa ƙofar fadar shugaban ƙasa, ta biyu kuwa ta zo ta gwada shi. In ka ga sunansa a jikin allo ko a takardar gwamnati, za ka tarar an rubuta shi da rubutun Faransanci, wato Kountché. Kada wannan ya rikita ka, mutum ɗaya ne.

Asalinsa da shigarsa soja

An haifi Seyni Kunce a shekarar 1931 a Fandu, cikin ƙasar Filinge. Bazabarme ne, ɗan gidan sarautar Tondikanja. A wancan zamani Nijar tana hannun Faransa. Yana yaro aka kai shi makarantar da ake horar da yara don aikin soja a Kati, kusa da Bamako, daga nan ya wuce Senegal. A 1949 ya shiga rundunar Faransa. An tura shi yaƙin Indocina, can gabashin duniya, sannan yaƙin Aljeriya. Ka lura, waɗannan yaƙe-yaƙe ba na Nijar ba ne. Faransa ce ke ƙoƙarin riƙe ƙasashen da ta mallaka, tana amfani da ƴaƴan wasu ƙasashen da ta mallaka. Ya sami muƙamin saje a 1957, daga baya ya yi makarantar hafsoshi a Faransa.

Nijar ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1961 Kunce ya dawo cikin sabuwar rundunar ƙasarsa, wadda a lokacin ƙarama ce ƙwarai. Ya ƙara karatun aikin hafsa a Paris daga 1965 zuwa 1966, ya riƙa hawa mataki bayan mataki, har a 1973 shugaba Jori Hamani ya naɗa shi babban hafsan sojojin ƙasa.

Daren 15 ga Afrilu 1974

Lokacin da ya karɓi wannan muƙami, fari ya riga ya shekara biyar yana cin ƙasa. Shanu sun mutu a daji, rumbuna sun bushe, mutane sun bar garuruwansu sun taru a bakin birane suna jiran taimako. Ƙasashen waje sun aiko da hatsi, amma ana ta gunaguni cewa wasu manyan jam'iyya mai mulki suna ɓoye shi suna sayarwa. Jam'iyya ɗaya ce kawai a ƙasar, don haka talaka ba shi da inda zai kai kuka. Sojoji kuwa su ake sa wa jigilar abincin taimako zuwa ƙauyuka. Sun ga halin da ake ciki da idonsu.

Cikin daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnati. An zubar da jini a fada, kuma cikin waɗanda suka mutu har da uwargidan shugaban ƙasa, Aisa Jori. Shi Jori Hamani an tsare shi a Damagaram har 1980, sannan aka maido shi Yamai aka yi masa ɗaurin talala. Aka soke tsarin mulki, aka rushe majalisar dokoki, aka hana jam'iyyu. Majalisar ƙoli ta soja ta karɓi ragama, Kunce yana shugabanta. A lokacin laftanar-kanar ne. Muƙamin janar daga baya ya same shi.

Aikin farko da ya sa a gaba shi ne abinci. Aka fito da hatsin da ke ajiye, motocin soja suka bazu cikin ƙasa suna rabo, aka ba manoma iri kafin damina. Ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ba zai bari ɗan Nijar ya mutu da yunwa ba. A shekarar nan kuma ya nemi sojojin Faransa da ke zaune a Nijar su kwashe kayansu, suka tafi. Ya saki fursunonin siyasa, waɗanda suka yi gudun hijira suka fara dawowa gida. Allah kuma ya kawo damina mai kyau a 1974, jama'a suka ɗauki abin a matsayin alamar sa'a.

Shekarun yalwa

Sa'a ta biyu ta fito daga ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙo ƙarfen yuraniyom a Arlit tun 1971, kuma bayan juyin mulki kuɗinsa ya tashi sosai a kasuwar duniya. A 1978 aka buɗe mahaƙa ta biyu a Akuta. Da wannan kuɗi aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, aka gina makarantu da ɗakunan shan magani, aka cika rumbunan gwamnati da hatsin ajiya. Abin da manomi ya fi ji a jikinsa shi ne soke lanho, wato harajin kai da gwamnati ke karɓa, wanda ya daɗe yana sa magidanta sayar da akuya ko gudu daga gida in lokacin biya ya zo. An bar ɗan kuɗin gunduma kawai.

Da yake ya hana jam'iyyu, sai ya nemi wata hanyar riƙe jama'a. Ya farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasa ta gargajiya mai sarkin samari, ya ba ta aikin gayya: gina ajujuwa, share gari, noman gandu, dashen itatuwa. A 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. A shekarar nan ce kuma aka yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Tawa, inda Kantu na Maradi ya yi nasara. Mu da muke ƴan makaranta a ƙarshen zamaninsa ba mu manta da ɗaukar ruwa a gwangwani don ban ruwan itacen da aka ba kowa ya dasa ba. Wasu sun rayu, da yawa awaki sun cinye.

Kunce mutum ne siriri, mai kaifin ido, marar yawan dariya. An san shi da faɗa wa ofis ba sanarwa, ya duba wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Yakan tara manyan ma'aikata ya titsiye su da tambayoyi a kan lissafin kuɗi, jama'a suna saurare ta rediyo. Wanda aka kama da cin dukiyar ƙasa yakan kwana a kurkuku. Wannan ne ya sa har yau in an ga sakaci a ofis za ka ji tsoho ya ambaci sunansa.

Abin da ba a faɗa da ƙarfi

Amma mai karatu, kada a ba ka rabin labari. Tsoron da ya gyara ofis shi ne kuma ya rufe bakin jama'a. Mataimakinsa na farko, Sani Suna Siddo, an kama shi a 1975 bisa zargin shirya juyin mulki, ya mutu a tsare. Jibo Bakari, jagoran Sawaba, wanda ya dawo gida bayan juyin mulki, shi ma an sake kama shi a 1975. A watan Maris 1976 wasu suka yi yunƙurin kifar da shi, aka murƙushe su, aka kashe jagororinsu, cikinsu har da Musa Bayere. An kafa ƴan leƙen asiri da ke bin maganar mutane a kasuwa da tasha da majalisar hira, har mutum ya riƙa waiwaye kafin ya yi magana. Ana tsare mutane shekara da shekaru ba shari'a. A 1983 aka kwashe ɗalibai masu yajin karatu zuwa barikin soja, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can.

Abin mamaki, wanda ya fi amincewa da shi, Amadu Umaru da ake kira Bonkano, mai kula da harkar leƙen asirin, shi ne ya shirya masa juyin mulki a watan Oktoba 1983, lokacin da Kunce yake taro a Faransa. Shirin bai yi nasara ba, Bonkano ya tsere ƙasar waje.

Yunwa ta dawo

Daga 1980 kuɗin yuraniyom ya faɗi. Bashin da aka ci lokacin yalwa ya zama kaya, aka fara tsuke bakin aljihu. Cikin wannan hali ne damina ta ƙi a 1984. Ga shi kuma a watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Ga mutanen Madawa da Ƙonni, waɗanda hatsinsu da cin raninsu ke bin wannan hanya, abin ya zama duka biyu. Daga nan yunwar ta samo sunanta.

Mutumin da ya tuɓe wani saboda yunwa ya san abin da ke jiransa in ya yi sake. Aka buɗe rumbunan ajiya. Ya fita neman taimako da kansa, har ya je Amurka ya gana da shugaba Reagan a watan Disamba 1984. Sannan ya ba da umarnin noman rani a duk inda ruwa ke kusa: a haƙa rijiyoyi a fadama, a raba iri, a shuka dankali da kabeji da rogo da alkama. Ga mutanen Galmi da kwarin Tarka wannan ba sabon abu ba ne, sun daɗe suna noman albasa. Abin da ya sake shi ne gwamnati ta ɗauki lambu a matsayin maganin yunwa, ta tilasta wa hukumomi su tsaya a kai. Wanda ke riƙe da jihar Tawa a lokacin shi ne Mamadu Tanja, ɗaya daga cikin hafsoshin juyin mulkin 1974, wanda daga baya ya shugabanci ƙasa daga 1999 zuwa 2010. An sha wuya ƙwarai, dabbobi sun ƙare, yara da tsofaffi sun mutu da rama da ciwo. Alkawarin 1974 bai cika duka ba. Sai dai rabon abinci ya fi na 1973 tsari nesa ba kusa ba.

A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maradi kan gurgusowar hamada, aka ɗauki alkawarin cewa kowane aikin raya karkara zai haɗa da dashen itatuwa da gyaran ƙasa. Ƙasarmu ta Adar da Majiya tana cikin wuraren da aka fi ganin wannan aiki. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya cikin ƙasar Buza, layi bibbiyu, tsakanin wannan shinge da wancan mita 100, don su tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin Keita. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta tafiyar da aikin, ana biyan ma'aikata da abinci. Aka haƙa ramuka a jikin duwatsu don su tare ruwan sama, aka jera duwatsu a kan fako, aka datse ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Daga baya aikin ya kai Buza da Abalak.

A nan ya kamata a yi adalci wajen rabon yabo. Kunce ya buɗe ƙofa, ya kuma sa ido. Amma yawancin mazan Keita sun tafi cin rani a lokacin, mata ne suka ɗauki duwatsun nan a kansu, cikin rana, da goyo a baya. In akwai uwa ko kaka a gidanku da ta yi wannan aiki, zauna ka tambaye ta, za ta gaya maka abin da ba ya cikin takarda. Haka kuma dokar gandun daji ta zamanin ta yi tsauri. Itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, in ka sare reshe a ci ka tara. Wannan ya sa manoma da yawa suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don gudun rigima.

Ƙarshen rayuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe ya fara shigo da farar hula cikin mulki sannu a hankali. A watan Janairu 1983 ya ƙirƙiro muƙamin firaminista ya ba Mamman Umaru, a ƙarshen shekarar Hamid Algabid ya gaje shi. An kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har zuwa Yamai, waɗanda suka dogara a kan samariya da ƙungiyoyin manoma. A watan Yuni 1987 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wata yarjejeniyar ƙasa da aka shirya don ta share fagen sabon tsarin mulki. Ikon gaske dai bai bar hannunsa ba.

Tun ƙarshen 1986 ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ya riƙa zuwa Faransa neman magani. Ya rasu a asibiti a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 56, bayan ya yi shekara 13 da wata bakwai a kan mulki. Aka kawo gawarsa aka rufe a Fandu. Babban hafsan sojoji, Ali Shaibu, ya gaje shi, ya buɗe ƙofofin kurkuku ga fursunonin siyasa. A 1989 aka buɗe babban filin wasa na Yamai mai ɗauke da sunan Janar Seyni Kunce. Bayan shekara biyu, a babban taron ƙasa na 1991, aka kafa kwamitin binciken laifuffukan gwamnatocin baya, iyalan waɗanda suka mutu a tsare suka sami damar yin magana a fili.