Mu'ammar Kadafi: Yadda jawabin Zuwara ya mayar da Libiya hannun mutum guda

Shekara 42 Kanal Mu'ammar Kadafi ya yi yana riƙe da ragamar Libiya, daga 1969 zuwa 2011. A Nijar ba baƙo ba ne. Da kuɗin Libiya aka gina babban masallacin Juma'a na Yamai, har yau kuma da sunansa jama'a ke kiran masallacin. Iyalai da dama a Tawa, Damagaram da Agadas sun ci abinci da guminsu na ci-rani a ƙasarsa. Abin da ba a cika bayani a kai ba shi ne yadda matashin sojan da ya hau mulki tare da abokansa goma sha ɗaya ya koma shi kaɗai ke da ta cewa. Hanyar da ya bi ita ce abin da ya kira juyin juya halin al'adu, wanda ya ƙaddamar a 1973.

An haifi Kadafi a wajajen 1942 a cikin tantin makiyaya kusa da garin Sirt, lokacin Libiya tana hannun Italiya. Mahaifinsa mai kiwon awaki da raƙuma ne, daga ƙaramar ƙabilar Kazazfa. Ya fara da karatun allo, sannan ya shiga makarantar boko a Sirt, daga nan ya wuce Sabha, babban garin kudu da matafiyan Nijar suka sani sarai. A Sabha ya shaƙu da sauraren rediyon Alƙahira, inda Gamal Abdul Nasir na Masar ke kiran Larabawa su haɗa kai. A 1961 aka kore shi daga makaranta saboda ya jagoranci zanga-zanga, sai ya ƙarasa karatu a Misrata. A 1963 ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Bangazi, ya kuma ja wasu abokan karatunsa suka shiga tare, da niyyar da suka ɓoye a zukatansu.

Ranar 1 ga watan Satumba na 1969 niyyar ta fito fili. Sarki Idris, jikan wanda ya kafa ɗariƙar Sanusiyya da Kawsan ya dogara da ita a yaƙinsa da Faransa a Ayar, yana Turkiyya neman magani, sai ƙananan hafsoshi suka kifar da gadonsa kusan ba tare da zubar da jini ba. Kadafi yana da shekara 27, da muƙamin kyaftin. Aka ɗaga shi zuwa kanal, aka kafa majalisar juyin juya hali mai mutum goma sha biyu, shi ne shugabanta.

Shekarun farko sun jawo masa farin jini. A 1970 sojojin Ingila da na Amurka suka bar sansanoninsu, aka kori Italiyawa kusan 20,000 da suka rage tun zamanin mulkin mallaka. Aka haramta giya, aka rufe gidajen rawa, aka cire rubutun boko daga allunan tituna. Gwamnati ta matsa wa kamfanonin mai har suka ƙara kuɗin ganga, a ƙarshen 1971 kuma ta ƙwace kamfanin BP.

Amma a cikin gida kujerar ba ta zauna daidai ba. Abokansa na majalisa suna ganin tare aka yi juyin mulki, don haka tare za a yanke shawara, kuma sau da yawa suna ja da shi. Ma'aikatan gwamnati waɗanda aka gada ne daga zamanin sarki. Malaman jami'a, lauyoyi da manyan ƴan kasuwa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Jam'iyya ɗaya tilo da aka kafa a 1971 bisa tsarin Masar ba ta motsa kowa ba. A watan Fabrairu na 1973 Isra'ila ta harbo jirgin fasinjan Libiya a saman Sinai, mutum 108 suka mutu, gwamnati ba ta iya rama komai ba, jama'a suka yi ta guna-guni.

Wata biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu na 1973, a bikin Mauludi, Kadafi ya tsaya gaban taro a Zuwara, wani garin bakin teku kusa da iyakar Tunisiya. Ya zana abubuwa biyar. A jingine dokokin da ake aiki da su. A kawar da waɗanda ya ɗauka masu cutar siyasa ne, wato ƴan kwaminis, ƴan Ba'as da Ƴan'uwa Musulmi. A ba talakawa makamai. A rusa tsohon tsarin ofisoshi. A kuma tsarkake ƙasa daga tunanin da aka shigo da shi daga waje.

Ya umarci jama'a su kafa kwamitoci a kowace makaranta, asibiti, kamfani da unguwa, su karɓe ragama daga shugabanninsu. Kafin shekarar ta ƙare an kafa kwamitoci sama da 2,000. Ɗalibai suka sauke shugabannin jami'a, ƙananan ma'aikata suka kori daraktocinsu, gwamnoni da magadan gari suka wayi gari ba kujera. Aka kwashe littattafai daga ɗakunan karatu, aka ƙona wasu. Aka kama ɗaruruwan marubuta, lauyoyi da ɗalibai, wasunsu ba su fito ba sai a 1988.

A ido, talakawa ne suka karɓi mulki. Idan aka duba yadda abin ke aiki kuwa, riba ta mutum guda ce. Wanda aka kora ba shi da kotun da zai kai ƙara, tunda an jingine doka. Wanda aka ɗora a gurbinsa, galibi matashi ne ɗan talakawa, ya san ba ilimi ko daɗewa a aiki suka kai shi nan ba, kiran Kadafi ne, don haka biyayyarsa can take komawa. Su kuma abokansa na majalisa, ma'aikatun da suke taƙama da su an zare musu su daga ƙasa. Duk wanda ya buɗe baki ya yi ƙorafi, sai a ce da talakawa yake faɗa.

A watan Agusta na 1975 biyu daga cikin ƴan majalisar, Umar Muhaishi da Bashir Hawadi, suka shirya juyin mulki, asirinsu ya tonu. Muhaishi ya tsere, aka kama Hawadi, daga baya aka harbe hafsoshi fiye da ashirin. Majalisar mutum goma sha biyu ta koma ta mutum biyar, kuma a cikin huɗun da suka rage tare da shi babu mai iya ɗaga masa murya. A watan Afrilu na 1976 ɗaliban jami'o'in Bangazi da Turabulus suka tashi suna neman ƙungiyarsu mai zaman kanta, aka murƙushe su. Da shekara ta zagayo aka rataye mutane a bainar jama'a a Bangazi, ranar 7 ga Afrilu ta zama ranar da ake tsoro a jami'o'i.

Gurbin littattafan da aka kwashe, nasa ne ya cike shi. A 1975 kashin farko na Koren Littafi ya fito, inda ya yi watsi da jam'iyyu, majalisar dokoki da zaɓe. Aka sa shi cikin darussan makaranta, aka rubuta jimlolinsa a bangaye. Ranar 2 ga Maris na 1977, a Sabha inda aka taɓa korarsa daga aji, ya shelanta Jamahiriyya, wato ƙasar da jama'a ke mulkin kansu ta hanyar tarurruka. A shekarar aka kafa kwamitocin juyin juya hali, waɗanda ba zaɓensu ake yi ba, kuma ga shi kaɗai suke kai rahoto. Su ke sa ido a kan tarurrukan, su kama, su yanke hukunci. A 1979 ya ajiye duk wani muƙami na hukuma, ya riƙe sunan jagora kawai. Kujerar da ba ta cikin doka, babu dokar da za ta sauke mai ita.

Daga nan guguwar ta bi duk inda ake da sauran murya. A 1978 ya yi jayayya da malamai a kan matsayin hadisi, aka sa masallatai ƙarƙashin kwamitoci, aka mayar da lissafin shekara daga wafatin Manzon Allah (SAW) maimakon hijira. Aka ƙwace gidajen haya aka ba mazauna ciki. A farkon shekarun 1980 aka rufe kantunan ƴan kasuwa, aka hana lauyoyi zaman kansu. A 1985 aka ƙona kayan kiɗan Turawa a dandalin Turabulus, a 1986 aka cire Ingilishi da Faransanci daga makarantu. Mutanen Zuwara kansu, waɗanda Amazik ne dangin Abzinawa, an hana su koyar da harshensu da raɗa wa ƴaƴansu sunayen kakanninsu.

Ba tsoro kaɗai ya riƙe mutane ba. Farashin mai ya ninka kusan sau huɗu daga ƙarshen 1973, kuɗin kuma ya gina gidaje, makarantu da asibitocin kyauta. A 1984 aka fara aikin babban kogin da aka haƙa, mai ɗauko ruwan ƙarƙashin Sahara zuwa biranen bakin teku. Mutumin da ya tashi a bukkar kwano ya samu gida da fanfo, yana da dalilin yin shiru.

A waje, dangantakarsa da maƙwabta ta sha hawa da sauka. Gwamnatin Seyni Kunce ta yanke hulɗa da shi a 1981, sojojinsa suka sha kashi a Cadi a 1987. Bayan takunkumin da ya biyo bayan harin jirgin Lokabi, ya juyo ga Afirka. Ya ja sallah a Yamai da Kano a 1997, aka kafa ƙungiyar CEN-SAD da Nijar a ciki a 1998, ya yi Mauludi a Agadas a 2007. A gida kuwa, a 1996 an kashe fursunoni kusan 1,200 a gidan yarin Abu Salim, kuma kama lauyan iyalansu ne ya kunna wutar bore a Bangazi a watan Fabrairu na 2011.

Ranar 20 ga Oktoba na 2011, bayan watanni bakwai na ruwan bama-baman NATO, ƴan tawaye suka kama shi suka kashe shi a Sirt. Ya bar ƙasa ba tsarin mulki, ba jam'iyyu, ba rundunar soja guda mai ƙarfi, ba kotun da kowa ya yarda da ita, domin waɗannan ne ya fara rushewa tun daga Zuwara. Libiya ta rabu tsakanin gwamnatoci biyu da ƙungiyoyin masu bindiga. Dubun dubatar ƴan Nijar suka dawo gida hannu wofi, makaman rumbunansa kuma suka bazu cikin Sahel, inda har yanzu ake jin ƙararsu.