Germain Hess, likitan da ya auna zafin wuta

An haifi Germain Hess a Janeba a 1802, amma a Rasha ya tashi. Likitanci ya karanta a Dorpat, ya yi aiki a Irkutsk, can cikin sanyin Siberiya, sannan ya koma Saint Petersburg yana koyar da ilimin sinadarai. A 1840 ya fito da ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina a nan Albarika a darasin entalpi: jimillar zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa ba ta canzawa, ko tashi ɗaya aka yi ko mataki-mataki.

Mu duba murhunmu. Giram 12 na kabon, wato ainihin gawayi, in ya ƙone sarai yana ba da kilojul 394. In iska ta yi kaɗan, 111 kawai yake bayarwa, sauran 283 ɗin na tafiya cikin wata iska mai guba marar wari. To jama'a, don Allah kada mu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Hess ya rasu a 1850 yana da shekara 48. Rashawa sun daɗe suna karatu da littafinsa na sinadarai.