Jean-Henri Fabre, mai kallon ƙwari

An haifi Jean-Henri Fabre a shekara ta 1823, a ƙauyen Saint-Léons, kudancin Faransa. Iyayenshi talakawa ne. Yana ƙarami ya yi kiwon agwagi. In ya ga ƙwaro, sai ya durƙusa ya yi ta kallonshi.

A 1842 ya zama malamin makaranta. Daga baya ya koyar a birnin Avignon, har yana koya wa ƴan mata ilimin tsirrai da dare. Wasu manyan gari ba su so haka ba. A 1870 ya rabu da aikinshi, aka kuma fid da shi daga gidan haya. Sai ya shiga rubuta littattafan makaranta don ya ci da iyalinshi. Duk da haka bai daina kallon ƙwari ba.

Akwai wani irin zanzaro mai gina rami cikin ƙasa. Macen takan harbi gyare, jikinshi ya mutu, ta sa shi cikin rami, ta yi ƙwai bisanshi. In ɗanta ya ƙyanƙyashe, ga abinci. Kafin ta shigar da gyaren, takan aje shi bakin rami, ta shiga ta duba.

Ran nan, tana ciki, sai Fabre ya gusar da gyaren kaɗan. Ta fito, ta jawo shi bakin rami, ta sake shiga dubawa. Ya sake gusar da shi. Haka suka yi ta yi har sau 40, ba ta sake dabara ba.

Wa ya koya mata wannan aiki? Ba kowa, don ba ta taɓa ganin uwarta ba. Da shi aka haife ta. Wannan shi ne ilhami. Koyo kuwa daban ne: sai an hori sa kafin ya ja garma. Yau masana sun tabbatar ƙwari ma suna koyo. Zuma takan riƙe wurin da ta sami fure, ta komo gobe.

A 1879 Fabre ya sayi wani fili a Sérignan, ya zauna can. Ya rubuta abin da ya gani cikin littattafai 10. Ya mutu a 1915, yana da shekara 91.