Alhaji Alhasan Ɗantata: Marayan Da Amana Ta Zame Masa Jari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya albarka a cikin neman halal. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da amana tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun zaɓo muku tarihin wani bawan Allah ɗan kasuwa, wanda har yau idan aka ambaci dukiya a ƙasar Hausa sai sunansa ya fito, wato Alhaji Alhasan Ɗantata na Kano. Abin da muke fata shi ne mai shago a Babbar Kasuwar Yamai, da mai rumfa a Katako ko Wadata, da ma'aikacin banki, kowa ya auna kansa da wannan ma'auni.

An haifi Alhasan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, mutanen da suka shahara da fataucin goro. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda ake kira Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce. Yana yaro ƙarami mahaifinsa ya rasu, mahaifiyar ta tafi Akara ta zauna, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga gare ta ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana ƴan ƙananan sana'o'i don ya ci da kansa, yana kuma jefa abin da ya rage a asusu.

Bai gama girma ba sai wata jarrabawa ta zo. A 1893 Yaƙin Basasa ya tashi a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Aka ci Bebeji, aka kama Alhasan da ƴan'uwansa, sai da suka fanshi kansu. Mutumin da ya ɗanɗani maraici da bauta tun yana saurayi, ba a sa ran ya tara kome. Amma ya koma bin hanyar Gwanja, inda fatake kan yi watanni da jakuna, suna kai tufafi da kanwa su sayo goro.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi yadda fataucin wancan zamani yake. Babu banki, babu waya. Attajiri kan danƙa wa yaronsa kaya ya tafi, ba zai sake ganinsa ba sai bayan rabin shekara ko fiye. Falke kan sauka gidan fatoma, ya bar masa kayansa da kuɗinsa, fatoman ya nemo masu saye, ya tsaya wa wanda ya ɗauka bashi. Duk wannan gini a kan magana ɗaya yake tsaye. Wanda ya ci amana sau guda, labarinsa zai riga shi isa kowane zango, daga nan kuwa kasuwancinsa ya mutu. A wannan makaranta Alhasan ya tashi.

Allah Ya hore masa hangen nesa. Yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Gana zuwa Ikko, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa, wadda mu nan muke kira gujiya. Turawan suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. Suna bukatar mutumin da za a ba kuɗi tun kafin kaka, a tabbata zai kawo kaya. Alhasan ya zama wannan mutumin. Ya sayi gyaɗa wa kamfanin Neja, daga baya kuma wa kamfanin UAC wanda aka kafa a 1929. Shi kuma ya riƙa raba kuɗin ga wakilansa, su bazu cikin karkara. Sarƙa ce ta amana tun daga Bature har zuwa manomi, shi ne kuma ƙullinta na tsakiya.

Tun a shekarun 1920 aka san shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Kano, a cikinsu ne kuma ya sauke farali. Mutanen Kano na ba da labarin ranar da ya kai azurfa kayan raƙuma 20 ajiya a banki a 1929. Da sunansa ake danganta dalar gyaɗa, buhunan da akan jera su yi tsini suna jiran jirgi. Wannan ciniki ya taɓa ƙasarmu, domin a wancan zamani gujiyar Maraɗi da Damagaram da Magarya ta hanyar Kano take bi zuwa teku, kuma a cikin irin wannan harka Alhazan Maraɗi da yawa suka tashi.

Duk da wannan arziki, an shaide shi da sauƙin kai da ƙin almubazzaranci. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen watan Zulhajji na 1374, ana ɗaukarsa attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Kafin rasuwarsa ya yi wa ƴaƴansa wasiyya da haɗin kai, kada gidan ya watse. Gidan bai watse ba. Ɗansa Sanusi ya riƙe kasuwanci har ya rasu a 1997, ɗansa Aminu ya rasu a 2025, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

To, ƴan'uwa, mene ne rabonmu a cikin wannan tarihi? Na farko, jarin Alhasan na asali shi ne yardar mutane, kuɗi daga baya suka biyo. Mu kuwa mun ga kishiyar haka da idanunmu: bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990, kuma basussukan da aka ɗauka ba a biya ba suna cikin manyan dalilan faɗuwarsa. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya alhali yana da hali, ya zalunci mai ajiya da maraya da wanda zai zo neman rance a bayansa.

Na biyu, yarda ba ta hana rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sau nawa aka yi rigimar gado a unguwanninmu saboda mamaci ya tafi da lissafinsa a ka?

Na uku, zamani ya sake. Yau kuɗi na tafiya ta wayar salula daga Yamai zuwa Agadas cikin ƙiftawar ido, kuma a ƙasashe da dama an fara bar wa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta tantance wanda ya cancanci rance. Alhasan bai guji jirgin ruwa ko na ƙasa ba, mu ma ba za mu guji waɗannan ba. Sai dai na'ura tana aiki ne da abin da aka zuba mata. Idan an zuba mata ƙarya ko son kai, su za ta yawaita. Ranar hisabi ba ita za a tambaya ba, shugaban da ya ɗora ta a kan dukiyar mutane shi zai amsa. Saboda haka wajibi ne shugaban kamfani ya san yadda take yanke hukunci, ya kiyaye sirrin masu ajiya, ya kuma buɗe ƙofa ga wanda aka zalunta ya kawo kuka gaban mutum mai rai.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhasan Ɗantata da iyayenmu da malamanmu. Allah Ya tsarkake kasuwanninmu daga algus da riba da tauye mudu, Ya sa mu cika da amana. Amin.