Kaftin Thomas Sankara, Sojan Da Ya Nema Wa Itatuwa Kuɗi

Duk wanda ya bi hanyar Paraku zuwa Jugu, ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titi, ya san dajinmu yana ƙarewa. Shi ya sa yau muka waiwayi tarihin wani maƙwabcinmu da ya hango matsalar tun da wuri, wato marigayi Thomas Sankara.

An haife shi ran 21 ga Disamba 1949 a garin Yako, ƙasar da ake kira Haute-Volta a lokacin. Ya yi karatun soja a Antsirabe ta Madagaska. Ran 4 ga Agusta 1983 ya hau mulki ta hanyar juyin mulki, bayan shekara guda ya raɗa wa ƙasar suna Burkina Faso.

A 1985, shekarar da ƙasarmu Benin ta ware 1 ga Yuni a matsayin ranar dashen itace, Sankara ya ƙaddamar da yaƙi uku: da gobarar daji, da sakin dabbobi barkatai, da saran itace ba ƙa'ida. An dasa itatuwa kusan miliyan 10, har wurin bikin aure da suna ana dashe.

To amma kyan niyya ba ya tare hamada, sai da kuɗi. Ya fara daga gida: ya sayar da motocin Mercedes na gwamnati, ministoci suka koma Renault 5. A Fabrairun 1986, wurin taron kare dazuzzuka a birnin Faris, ya nemi a cire kashi 1 cikin 100 na kuɗin binciken sararin samaniya a zuba wajen ceton itatuwa. A Yulin 1987, a Addis Ababa, ya kira shugabannin Afirka su haɗa kai su ƙi biyan bashin ƙetare.

Mulkinsa bai rasa aibi ba. Ya kori malaman makaranta da suka yi yajin aiki a 1984, kwamitocinsa na kare juyin juya hali kuma sun cuci jama'a da dama.

An kashe shi ran 15 ga Oktoba 1987 a Wagadugu, yana da shekara 37. A 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai a bayan idonsa.

Sai a 2009, a taron Kofenhagen, manyan ƙasashe suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara don taimakon ƙasashe matalauta kan sauyin yanayi. Wa'adin 2020 ya zo bai cika ba. Tambayar da Sankara ya yi a Faris tana nan: wa zai biya?